Rediyo a Ajin Bayan Tashi

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Goma sha ɗaya aka ba ni bana. Ajin bayan tashi, a ɗakin nan na ƙarshen baranda inda ake jibge karyayyun kujeru. Yaran da suka kai aji huɗu ba su iya karatu ba, su ake tara min daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi, Litinin zuwa Alhamis. Nan da mako biyar wata jami'a za ta zo daga ofishin ilimi da shafi ɗaya a cikin ambulan, shafin da babu yaron da ya taɓa gani. Wanda ya karanta ya wuce aji biyar. Wanda ya kasa ya maimaita. Wanda kuma ya riga ya maimaita sau biyu, a ba wani kujerarsa.

Mutum ɗaya ce ta riga ta maimaita sau biyu. Doguwa ce, shekara goma sha biyu, gwiwoyinta na bugun ƙasan teburi. Yara na kiranta Rediyo. Hedimasta ya ce lalaci ne kawai ke damunta, domin in ta miƙe karatu a aji ko shi ba zai nuna mata komai ba, amma a jarrabawar rubutu sai ta miƙa farar takarda.

Na sayi wannan littafin mai manyan layuka da alƙalami mai kauri. Maigida ya ce ko aji ɗaya zan koma? Na ce sha'awa ce.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na ji karatun Rediyo. Lalle sunan bai ci amanarta ba. Na karanta shafin farko kamar yadda na saba shekara ashirin da uku, ni in fara, su su bi. Da na ce ta tashi, sai ta zuba shi kamar famfo, tana tsayawa inda ake tsayawa, tana ɗaga murya inda ake tambaya. Na rufe ido ina saurare, har na manta a ɗakin karyayyun kujeru nake.

To me ya kawo ta wurina?

Rana tana shigowa ta tagar yamma da misalin ƙarfe uku, ƙurar alli tana yawo a cikinta a hankali. Ita ina ganinta sosai. Fuskokin yaran ne dai suka zama kunne da kunne, tsakiya kuwa kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta shi yadda ya faru.

Shafi na tara, labarin yarinyar da ƙwallonta ta ɓace. Na riƙe littafin a gabana na karanta: “Ƙwallon ta faɗa cikin rijiya.” Rediyo ta miƙe, yatsa a ƙarƙashin layi, ta ce ƙwallon ta faɗa cikin rijiya. Sai aka zo kan Dogo, wanda ya fi kowa gajarta a ajin, shi ya sa suka laƙaba masa sunan. Dogo na karatu kamar mai hawan tudu da kaya, amma karatun gaskiya yake yi. Ya kai wurin ya tsaya, ya yi ta nishi.

“Malama, ni fa ban ga rijiya ba. Lam… lambu na gani.”

Lambu ne. A tsohon bugun da na koyar shekara da shekaru rijiya ce, a sabon suka canza, wai kada yara su je leƙen rijiya. Ni ba littafin nake karantawa ba. Tun farkon zangon nan riƙe shi kawai nake yi, abin da ke kaina nake zubawa.

Na ce, “Madalla, Dogo, gwada ku nake yi.” Ƙarya ce, kuma ta fito min da sauƙin da ya ba ni kunya.

Da aka tashi Rediyo ta ƙi fita. Tana ta gyara igiyar jakarta har ɗakin ya zama ni da ita.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ta ce, “Tun aji ɗaya. In na ji abu sau ɗaya ya zauna. Sai in lura da lokacin da na kusa da ni ke juya shafi.”

“Harafi nawa kika sani?”

“Na farkon sunana.”

Shekara shida! Malamai shida, da ni ta bakwai, duk mun yi mata tafi. Ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta yi ƙasa da murya.

“Malama, ke ma haddacewa kike yi?”

Na ce ta wuce gida, yamma ta yi.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Mun je can, asibitin ido, ni da Maigida. An ɗiga min magani, an haska fitila, likita ya ce abin da ya ce.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Maigida ya shafa farin fenti a bakin kowace matakala ta ƙofar gida. Na tambaye shi dalili, ya ce fenti ne ya rage masa daga aikin wani kabad, kada ya bushe a banza. Kafinta ne shi, ƙarya ba ta cikin kayan aikinsa, in ya ɗauko ta sai ta zame masa.

Na ce tunda hannunsa na ƙaiƙayi, ya yanka min haruffa da guntayen katako, kowane kamar tafin hannu. Ya ce, “An gama, Hajiya Malama.” Yanzu haka ina jin zartonsa a bayan ɗaki. Ina son mutumin nan, ko da yake ban cika faɗa masa ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na tattara littattafan aji na kulle a kabad. Daga yau ba zan ƙara karanta musu komai da farko ba. Abin da na yi shekara ashirin da uku ina yi, ni in fara su bi, shi ne ramin da yarinyar nan ta ɓuya a ciki, kuma Allah kaɗai ya san nawa irinta suka wuce ta hannuna da tafi.

Na zube haruffan katako a kan teburi. Kowa ya ɗauka, ya shafa, ya faɗi sautinsa. Ni ma da hannu nake gane su, kuma ba wanda ya lura, sai ita. Idan na miƙa hannu ina lalube, sai in ji an turo min harafin a hankali har ya taɓa yatsana. 

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Kullum sabuwar jimla a allo, manya-manya, wadda ba a taɓa faɗa a duniya ba. Yau na rubuta: Dogo ya hau rakumi ya tafi wata. Dogo ya karanta ya faɗi ƙasa don dariya, ya ce a ƙara masa da jakar guzuri.

Rediyo ta tsaya a gaban allon minti biyar. Na ji tana jira wani ya yi raɗa ta cafke, amma na riga na ce duk wanda ya buɗe baki shi zai share ɗakin har Alhamis. Ta ce “Do”, ta tsaya. Wani ya ce batirin Rediyo ya mutu. Aka kwashe da dariya. Ta koma ta kifa kai a teburi, kafaɗunta na motsi.

Na ji kamar ni na cire mata riga a gaban mutane.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Barci ya ɗauke ni a kujera bayan cin abinci. Na ga ajinmu ya cika da ruwa har wuya, ruwa mai ɗumi, haruffan katako na yawo a kai. Yaran na iyo suna kama su. Ni ina tsaye a tsakiya ina ganin komai tas, har ɗigon tawadar da ke aljihun Hedimasta, har zaren da ya fita a wuyan rigar Rediyo. Na ce ashe haka fuskarta take. Kyakkyawa ce, da wushirya.

Da na farka na daɗe ban buɗe ido ba.

Litinin, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Harafi goma sha huɗu ta sani yanzu. Tana haɗa biyu-biyu. Saura mako biyu da kwana uku.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Mahaifiyarta ta zo. Tela ce, ta shigo da abin awo rataye a wuya, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

“Malama, me kika yi wa 'yata? Yarinyar da in baƙi suka zo nake kiranta ta karanta musu littafi, yanzu jiya na ce ta karanta sai i'ina take kamar an shaƙe ta. Ba, ba, bi, bi. An kawo miki ita ki gyara, kin kwance ta gaba ɗaya.”

Na ce, “Maman yara, zauna mana. Da ba karatu take yi ba, hadda ce.”

“To haddar ba ilimi ba ce? Ni dai abin da na sani, da tana yi, yanzu ba ta yi. In korar ta za su yi, su kore ta da mutuncinta. Keke na nan a shago, kai gare ta, wata uku ta iya.”

Raina ya ɓaci, na ce mata keken ma ai da littafin awo ake zama a kansa, wa zai riƙa karanta mata? Bai kamata in faɗa ba. Ta ce ita shekara ashirin tana ɗinki, awon mutum ɗari na kanta, ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Sai a lokacin na gane inda yarinyar ta gado kan, na kuma gane abin da na taka.

Ta ja hannun 'yarta suka fita.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta zo ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta zo ba. Na lalubi harafi a teburi, ba wanda ya turo min.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Can kuma. Sun sa ranar aikin ido, Juma'ar da ke bin zuwan jami'a. Na tambaya ko bayan nan zan koma aji. Likita ya gyara takardun gabansa, ya ce a yi dai tukuna.

A hanyar dawowa na jingina da tagar mota. Gari ya yi laushi, ba kusurwa ko ɗaya. Allunan shaguna launi ne kawai, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, suna wucewa kamar zannuwan da aka shanya. Har da daɗin kallo, in mutum bai tuna da can rubutu ne ba. Maigida ya riƙe min hannu a cikin mota, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan.

Ban faɗa wa Hedimasta ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ta dawo! Ta shigo tana haki, ko jaka ba ta ajiye ba.

“Malama, kwalin da Mama ke zuba ƙyallaye a ciki, tun ina ƙarama yake shagon. Jiya ina zaune ina kallonsa, sai ya ce sabulu.”

“Wa ya ce?”

“Kwalin! Ba wanda ya faɗa min. Sa, bu, lu. Na tambayi mai shagon kusa da mu, ya ce haka ne.”

Ta ce daga nan ta bi shagon kaf, gwangwani, leda, kalanda. Mahaifiyarta ta dakatar da keke tana kallonta, can ta miƙo mata wata takarda da ta daɗe a ƙarƙashin akwatin zare, ta ce gwada wannan. Ta fitar da kalma huɗu. Yau da rana uwar da kanta ta ce ta tashi ta tafi, kada ta makara.

Na juya ina goge allon da ba komai a kansa.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Jimla guda tana cin mata minti biyu. Shafin jami'a layi goma sha biyu ne. Na yi lissafin a hanya, na sake yi a gida, bai canza ba.

Amma akwai abin da ke faruwa a ɗakin nan da ƙarfe uku, lokacin da rana ta shigo. Murya goma sha ɗaya, kowa na gunaguni da nasa layin, ba mai bin wani. Da can na saba da amshi, baki ɗaya, kamar waƙa. Wannan kuwa kamar tukunya ce ta fara tafasa. Nakan zauna a kan karyayyar kujera in saurara, in rasa ko minti nawa suka wuce.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Hedimasta ya kira ni ofis, ya tura ƙofa. Mutumin kirki ne, matsalarsa ke nan. Ya ce ya ji labarin Rediyo daga bakin Dogo, wanda ba ya iya riƙe ko tari. Ya ce ofishin ilimi shafi uku gare su, su suke juyawa shekara da shekaru, kuma yana da ukun a durowa.

“Malama, sau ɗaya kawai za a karanta mata. Kin san kanta. Ta wuce aji biyar, sai ki ci gaba da koya mata a hankali, wa ya rasa wani abu?”

Ya miƙo, na karɓa. Ban ce masa ba ni da tabbacin zan kasance nan in ci gaba ba. Ya ce in duba in ga ko sun yi wuya. Na kalli takardun na ce ba laifi.

Suna cikin jakata.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Maigida zai iya karanta min su sau biyu, in riƙe. Ai ni ma gwana ce yanzu.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na tsayar da ita bayan an tashi. Ban yi wani kwana-kwana ba, na faɗa mata abin da ke jakata da abin da za a iya yi da shi. Na ce kujerarta ce, ba tawa ba. Gaskiya so nake ta ce e. Na gaji, kuma ina so in tafi ranar Juma'a da sanin cewa tana aji biyar.

Ta daɗe tana juya wani harafin katako a hannu, ina jin ƙararsa a kan teburi.

“Malama, in na ji shi ba zai fita ba. Ko na kalli takardar, muryarki zan riƙa ji, ba zan ga komai ba. Shafi na tara har yau rijiya nake ji, alhali na san lambu ne.”

Na ce, “In kika kasa fa?”

“To na kasa.” Sai ta yi 'yar dariya. “Kwalin sabulu dai ba za su ƙwace min shi ba.”

Na mayar wa Hedimasta takardunsa. Ya ce mu biyun duk taurin kai gare mu. Ban gaya masa a cikinmu mutum ɗaya ce mai taurin kan ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Gobe.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Jami'ar ta zo ƙarfe goma. Mace ce mai ƙaramar murya da takalmi mai ƙara. Aka sa mata teburi a ɗakinmu, ni aka ba ni kujera a gefe, Hedimasta na tsaye a bakin ƙofa. Na ji ta yage ambulan. Yara na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya hau tudunsa ya sauka lafiya. Biyu sun kasa, za su maimaita, na san su, kuma na san za su iya baɗi.

Ita ce ta tara.

Ta fara. Wayyo, karatun ba daɗi. Gaɓa, shiru, gaɓa, ta koma baya ta haɗa. Labarin wani tsoho ne da akuyarsa ta ɓace ranar da aka yi ruwa. Tunda nake koyarwa ban taɓa zama a gaban ɗalibi ban san kalmar da ke zuwa ba, sai yau. Ita ke gaba, ni ina bi.

A layi na shida ta maƙale.  Na ga kanta ya juyo wajena, yadda duk yara ke yi, ko malama za ta motsa leɓe. Ko da ina so, ba ni da abin ba ta. Takardar farin fili ce a wurina. Na zauna da hannuwana a cinya ina jin fankar sama tana juyawa.

Sai na ji yatsanta ya koma kan takarda. “Ga… gada. Ƙar-ƙa-shin gada.”

Ta ci gaba. A layi na tara jami'ar ta ce, “Ya isa haka, yarinya.”

“Anti, saura kaɗan. Ban ji ko ya same ta ba.”

Jami'ar ta ce to ƙarasa. Ni ma so nake in ji. Ya same ta, tana tsaye a bayan gidansa tun farko tana cin shanyar maƙwabta. Rediyo ta yi dariya ita kaɗai, dariyar wanda labari ya zo masa sabo.

Jami'ar ta yi mata tambaya uku, ta yi rubutu, ta miƙo min takardar. “Malama, duba ki sa hannu a ƙasa.”

Na karɓa. Na kai ta kusa, na kai ta nesa, na karkata kai. Hedimasta na kallona, na ji a jikina. Da zan iya cewa ba laifi, in ja layi a inda na ga dama, kamar yadda na yi ta yi tun farkon zango. Amma yarinyar na tsaye a wurin, gumi bai bushe mata ba.

Na ce, “Ba na gani. Na yi wata huɗu ba na ganin rubutu.”

 Sai na ji an zare takardar daga hannuna a hankali.

“Kawo, Malama.”

Rubutun hannu ne, ba na littafi ba, ya ba ta wuya. Ta yi ta fama da shi, mu manya uku muna jira, ba mai taimaka mata.

“Ta… na… tana ka-ran-ta-wa a han-ka-li. Ta fa-him-ta.” Ta ja numfashi. “Ta… wu…”

Ta tsaya. Na san ta riga ta gani.

Na ce, “Ƙarasa min mana, ni ban san abin da aka rubuta ba.”

“Ta wuce.”

Ta kama yatsana ta ɗora a inda zan sa hannu, na sa.